Taku Uku Bisa Shinkafa

Biyar saura kwata, Uruguaiana na barci,
ni ina bakin kwalbati, takalmi cikin laka,
ƙoƙon shayin mate a hagu, kyamara a wuya kamar laya.
Ivone ta ce na zautu.
Shekara talatin ina gyaran injin ban-ruwa,
na yi ritaya, in ji ta, don in kai wa sauro jinina har gida.

Kunne ke fara ganinsa.
Wani gurnani daga bayan itatuwan turare,
ƙasa-ƙasa, kamar bijimi yana mafarki.
Balbelu su tashi lokaci guda, fari fat,
sai ga shi,
rawaya kamar gwaiduwar ƙwai,
ya sunkuyo, ya ƙara sunkuyowa,
har in ce tayarsa za ta taje wa shinkafa kai.

Daƙiƙa biyu ne rabona.
In na yi gaggawa, farfela ta daskare a hoto
kamar jirgin ya mutu a sama.
In na yi nawa, rawaya ta zube, ba kai ba wutsiya.
Shekara huɗu ina neman tsakani.

Na koyi tsayawa ta inda iska ke fitowa.
Sau ɗaya na manta,
feshi ya sauko mini shaa a ƙeya.
Kwana uku ina tari. Ivone ta ƙona rigar,
ba ta ce uffan ba, abin da ya fi faɗa zafi.

A ƙarshen gona akwai wayar lantarki.
Nan numfashina ke tsayawa.
Ya ɗaga hanci, ya kwanta kan fiffike ɗaya,
ya juyo kamar wanda ya yar da wani abu,
ya faɗo layi na gaba.
Hoto dubu shida.
Masu kyau, tsakani da Allah, tara.

Ban san fuskarsa ba.
Hular kwano, gilashi, inuwa.
Sai wani dare na buɗe hoto a kwamfuta,
na ja shi, na ja shi har ya koma tsaba-tsaba,
na ga yatsu biyu a ɗage bayan gilashi.
Na koma na jiya. Yatsu biyu.
Na watan jiya. Na bara.
Ashe tuni ake gaishe ni,
ni ina can ina rigima da haske.

Ran Asabar aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Gajere ne, mai sanƙo, yana ɗan ɗingishi.
Odair Bortolin, ya ce. Likita ya duba idona,
noman bana ne na ƙarshe.
Awa dubu goma sha ɗaya ina sama,
ban taɓa ganin kaina daga ƙasa ba.

Na baza masa taran nan a tebur,
har da wanda na fi so, mai bakan gizo cikin feshi.
Ya ture su a hankali, ya ce ina sauran.
Muka yi ta wucewa har shayi ya huce.
Ya tsaya kan wani da na so gogewa,
a karkace, rabin fiffike ya fice,
waya na ƙarƙashin taya, tazarar tafin hannu.
Ya daɗe yana kallo.
Wannan, ya ce, kada matata ta gani. Nawa ne?
Ivone ce ta amsa daga kicin:
ya zauna ya ci abinci.

Yanzu ƙananan jirage marasa matuƙi
ke feshin gonar su Zanella,
suna zuu kamar rina,
wani yaro na juya su daga inuwar mota.
Sau biyu na ɗauke su. Sun fito sarai, ba laifi.
Da dare na buɗe hoton,
na ja shi,
na ja shi,
saboda sabo.